Yadda Ake Yada Zango a Daji da Bandar Naman Farauta

Wannan bayani na wanda zai fara bin manya zuwa farautar kwana ne, irin ta rani, daga bayan girbi zuwa kafin faɗuwar ruwa, kwana biyu ko uku a daji mai ƙorama da itatuwa jefi-jefi. Harbi ba ya ciki, shi a gaban wanda ya iya ake koyonsa. Abin da ke ciki shi ne wuraren da sabon shiga ya fi tafka asara: inda zai kwanta, ruwan da zai sha, wutar da zai hura, da yadda nama zai iso gida bai yi wari ba. Duk aikin a kan lokaci yake tafiya. Zangon da ba a kafa kafin magariba ba da naman da ya yini da kayan cikinsa, gyaransu da wuya.

Kayan da za ka tanada

Adda mai kaifi da ƙaramin gatari ko barandami. Wuƙa biyu, ɗaya ta fiɗa ɗaya ta sauran aiki, da ɗan dutsen washi.

Jarka mai lita 5 ga kowane mutum, da gorar sha a kusa da hannu. Ƙaramar tukunyar ƙarfe mai cin lita 2 ko 3, kofi, cokali, da tsumma mai tsabta na tace ruwa.

Laita biyu da ashana a ƙulle cikin leda. Kada ka haɗa su a aljihu ɗaya. Tocilar goshi da batir na canji, usur, waya da abin cajinta.

Igiya kamar gaba 10, tamfol ko leda mai kauri mita 2 da 3, bargo, gidan sauro, da buhun algarara biyu na ɗaukar nama.

Gishiri rabin kilo, dakakken barkono, ɗan alif. Guzuri wanda ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, sukari, ganyen shayi. Ka ɗauki abincin da zai ishe ka ko da ba a kashe komai ba, domin sau da yawa hakan ke faruwa.

Bandeji, sabulu, farasitamol. Dogon wando mai kauri, safa, da takalmin da ya rufe idon sawu. Silifas ba takalmin daji ba ne.

Nauyin jakar goyo kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin jikinka. Bargo a ƙasa, masu nauyi a tsakiya su jingina da bayanka, tocila da magani a sama. Adda a cikin kubenta, a ɗaure ta a gefe. Wanda ba shi da jakar goyo ya naɗe kayansa cikin bargo, ya ɗaure bakin biyu da igiya ya rataya a kafaɗa, ƙananan kaya kuma su shiga burgami.

1. Izini da sanarwa

Ka fara da Sarkin Baka ko shugaban mafarautan yankin, sannan mai unguwa ko dagacin ƙauyen da ke bakin dajin. Su suka san inda ake shiga da inda ba a shiga a wannan makon, kuma a halin da ake ciki baƙo mai makami a daji ba tare da sanin kowa ba yana wasa da ransa ne. Dazuzzuka irin su Rugu, Kuyambana da Sambisa ba wurin koyon farauta ba ne. Gandun daji na gwamnati kamar Yankari, Gashaka-Gumti, Kainji da Kamuku an hana farauta a cikinsu, kuma dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta 1985 ta hana taɓa irin su zaki da damisa. Ko bindigar toka sai da lasisi. Ka riƙe katin shaida. A gida ka faɗi dajin da za ku shiga, da su wa za ka, da ranar dawowa. Kada ku gaza mutum uku: idan ɗaya ya ji rauni, ɗaya ya zauna da shi, ɗaya ya nemo taimako.

2. Zaɓen wuri

Da la'asar a daina tafiya. Kana bukatar aƙalla awa biyu na haske domin shara, itace, ruwa da shimfiɗa.

Nemi ɗan tudu mai tauri, taku 150 zuwa 200 daga ruwa. Kusa da ruwa sauro ya fi yawa, sanyin asuba a kwari yake taruwa, kuma nan ne hanyar dabbobi da garken makiyaya. Kada ka sauka a kan burtali ko a bakin mashaya. Rairayin ƙorama yana da laushi yana jan mai gajiya, amma a ƙarshen rani ana iya yin ruwa can sama inda ba ka ji ko tsawa ba, ambaliya ta same ka cikin dare.

Ɗaga kai ka dubi itacen da za ka kwana a gindinsa. Busasshen reshe yana karyewa idan iska ta taso. Kuka mai kogo gidan zuma ce ko na maciji. Giginya mai 'ya'ya tana sako su, kuma suna da nauyi. Tsamiya tana da inuwa mai kyau da gindi mai tsabta, sai dai mutane da yawa ba sa son kwana a nan saboda abin da ake faɗa na mutanen ɓoye. Idan abokan tafiyarka na cikinsu, kada ka tsaya musu, ku nemi marke ko kanya.

Sai ka dubi ƙasa. Tsohon shuri mai ramuka, tarin duwatsu da ruɓaɓɓen kututture mazaunin kububuwa ne da kunama, a ba su taku 30 ko fiye. Idan ka ga layin kwarkwasa, canza wuri kawai.

A hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, da ita za ka tsara zangon. Makwanci ya kasance ta inda iska ke fitowa, wuta a gabansa, gadon banda can gaba ta inda hayaƙi ke tafiya. Wurin fiɗa da wurin kewayawa su fi kowane nisa, taku 50 ko fiye, kuma kada su kasance a saman inda kuke ɗiban ruwa.

3. Shara da makwanci

A share fili har ƙasa ta fito, taku 4 ta kowane gefe daga inda wuta za ta zauna. Da sanda ake fara bugun ciyawa kafin a sa hannu. Haka itacen da ke kwance, a mirgina shi da sanda zuwa wajenka, yadda abin da ke ƙarƙashi zai gudu ta ɗaya gefen.

Kafa gwafa biyu, ɗora sanda a kai, ka ɗaura tamfol ya gangaro zuwa ƙasa ta gefen iska, ka danne bakin da duwatsu. In babu tamfol, jingina sanduna ka jera gamba ko rassan sabara daga ƙasa zuwa sama. A rani ba ruwa kake karewa ba, iska ce da raɓa.

Sanyin da ke hana barci daga ƙasa yake shigowa, ba daga sama ba. Yanko busasshiyar ciyawa, ka kakkaɓe ta sosai saboda kaska da kunama, ka shimfiɗa ta da kaurin taƙi guda, ka ɗora buhu. Gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa, yana tare fiye da sauro.

4. Ruwa

Mai tafiya a rana yana shan lita 4 zuwa 5 a yini, in zafi ya tsananta ya fi haka. Abin da ka ɗauko na rana ɗaya ne, don haka ba a yada zango inda ba a tabbatar da ruwa ba.

Idan ƙorama ta ƙafe, je inda ta yi kwana, ka tona ta bayan kwanar, gindin gaɓa mai tsawo, ko inda rairayi ya yi duhu, ko inda ka ga dabbobi sun yi tono. Kamu ɗaya zuwa biyu yakan isa. In ka kai ƙugu rairayi bai yi danshi ba, bar wurin. Ruwan farko a kwashe a zubar, a jira na biyu ya taru. A tace da tsumma, a juya ɗan alif a ciki sau uku ko huɗu a cire, a bar shi ya kwanta kamar rabin awa, a tsiyaye na sama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ruwan da ya yi garau a matsayin mai tsabta. Alif laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Sai an tafasa, ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka. A tafasa na gobe tun da dare ya huce. Kada ka yi wanka ko ka tsaya cikin kududdufi, nan ake ɗaukar tsargiya. Wanda gudawa ta kama a haɗa masa lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa.

5. Wuta

Itace a tara shi tun da haske, ninki biyu na abin da kake zaton zai isa. Wanda ya bushe a tsaye ya fi wanda ya daɗe a ƙasa, gara ta cinye cikinsa. Marke, ƙirya, taramniya, geza, bagaruwa da busasshiyar tsamiya suna ba da garwashi mai daɗewa. Kuka ba ta da amfani a wuta. Tumfafiya, tinya, aguwa, bini-da-zugu da gwaska kada su kusanci abinci, ko a matsayin itace ko tsinken tsire nama, domin suna da dafi. Ƙa'ida mai sauƙi: duk icen da ka sara ya fitar da farin ruwa, bar shi. Kaɗanya da ɗorawa masu rai ba a sara, suna da masu su.

Tona ɗan rami mai zurfin taƙi, ka sa duwatsu uku na murhu. Kada ka ɗauko dutse daga cikin ruwa, yakan fashe idan ya yi zafi. Fara da dunƙulen busasshiyar ciyawa mai laushi, ka jera ƙirare sirara a kai, sannan masu kaurin yatsa, sannan masu kaurin hannu. Ka juya wa iska baya, ka kunna daga ƙasa. Mai gaggawa yakan danne ƙaramar wuta da babban gungume ya kashe ta.

Idan laita da ashana sun ƙi, sai ƙyastu. Guntun tsohon magagari da farin dutse mai kaifin baki sun isa. Ɗora audugar rimi ko ƙonannen tsumma a kan dutsen, ka goga ƙarfen da sauri zuwa ƙasa har tartsatsi ya kama, ka sa cikin dunƙulen ciyawa ka hura a hankali. Wannan a gida ake koyonsa, ba ranar da ake bukatarsa ba. Busasshen kashin shanu yana riƙe wuta na tsawon lokaci, amma kada a yi banda da shi.

6. Gyaran dabba

Da an yanka, a farke ciki cikin awa ɗaya, a inda dabbar ta faɗi in zango da nisa. Zafin jikinta da kayan cikinta su ke fara lalata nama. Tsaga fata daga ƙasan ciki zuwa ƙirji, kaifin wuƙa na kallon sama, yatsu biyu a ƙarƙashi suna ture hanji. Kada ka fasa tumbi, mafitsara ko matsarmama. In harsashi ya riga ya fasa, yanke duk inda ƙazanta ta taɓa ka jefar. Kada a wanke ciki da ruwan kududdufi, a goge da tsumma ko ɗanyen ganye, a tokare shi da ɗan kara ya sha iska, a rataye a inuwa. Nama mai ɗumi a cikin leda kafin yamma ya fara tsami.

Hanyar da harsashi ya bi a yanke ta da faɗin yatsu biyu ta kowane gefe saboda ɓarɓashin dalma da daskararren jini. In da kibiya mai dafi aka harba, a yanke fiye da haka a binne, kada karnuka su ci.

Dubi hanta da huhu. In akwai ƙuraje, ruwan mugunya ko wari, a binne dabbar duka. Wadda aka tsinta a mace ba a taɓa ta. Biri da jemage a ƙyale su, ɓeraye ma haka, domin wani irin ɓera ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, kuma a rani ta fi yaɗuwa. Mai ciwo a hannu kada ya yi fiɗa, kowa kuma ya wanke hannu da sabulu bayan an gama.

Zomo, zabon daji, fakara da gyazbi ana tsaga su ta ƙirji a baje, a tsattsaga cinyoyi har ƙashi. Gada da abin da ya fi ta a feɗe, a raba gaɓa-gaɓa, a yanyana tsoka kada kaurinta ya wuce yatsu biyu. Cinya da kafaɗa a zare ƙashin, ko a tsaga tsawonsa har ya bayyana, domin daga jikin ƙashi ruɓa ke farawa. A rage kitse, yana ɗiga ya ta da harshen wuta, daga baya kuma ya canza wari. Kowane kilo a murje shi da babban cokali ɗaya da rabi na gishiri da ɗan barkono, a bar shi rabin awa ya tsane. In babu gishiri banda tana yiwuwa, sai dai a ƙara sirantar yanka a ƙara lokacin wuta. Hanta, zuciya da ƙoda ba sa jiran gobe, a dafa su sosai a ci a daren.

7. Gadon banda

Saro gwafa huɗu na ɗanyen itace, ka kafa su yadda bakinsu zai kai ƙugunka, wato santimita 80 zuwa 90 daga ƙasa. Tsawon gado kamu uku, faɗi kamu biyu, ya isa gada ɗaya da 'yan ƙananan dabbobi. Ɗora sanduna biyu masu kaurin wuyan hannu a tsawon, ka jera ɗanyun tsumagu masu kaurin babban yatsa a kai, tazarar yatsu biyu. Geza, sabara ko kargo duk suna yi, a ɓare ɓawon. A ɗaure da ɓawon kargo, igiyar roba narkewa take yi. A ƙarƙashi tona rami mai zurfin taƙi, ka kare gefen iska da ɗanyun rassa.

In ƙasa ta yi tauri gwafa ba ta shiga, haɗa sanduna uku ka ɗaure kansu su tsaya da ƙafa uku, ka ɗaura gadon a tsakiyarsu. Wanda ya zo da ragar ƙarfe ta masu gashi ya huta da tsumagu.

8. Banda

A nan ake gane wanda ya iya. Wuta biyu ake yi. Babbar wuta tana gefe tana cin itace, daga ita ake ɗebo garwashi ana zubawa ƙarƙashin gado. Harshen wuta bai kamata ya ga nama ba. Haka nan leda, roba, fetur da kananzir ba sa zuwa kusa, warinsu ba ya fita.

Jera nama kada wani ya hau wani, masu kauri a tsakiya, sirara a gefe. Awa biyu zuwa uku na farko zafi ake so mai ƙarfi, don naman ya dahu har ciki. Gwajinsa: sa tafin hannu daidai gadon, in ka ƙirga huɗu ko biyar ka janye, ya yi. A juya kowane minti 20 zuwa 30. Idan ka tsaga mafi kauri ka ga babu jini, an wuce matakin farko.

Daga nan a rage garwashi har hannu ya iya kai ƙirga goma ko fiye. A riƙa ɗora guntun itace ɗaya ko biyu su ci a hankali suna hayaƙi. In sun kama da harshe, a yayyafa ƙasa ko toka. A rufe saman naman da ganyen kargo sako-sako, ya tare hayaƙi amma tururi ya samu hanyar fita. A juya kowane awa biyu. Ƙananan dabbobi da siraran yanka suna ɗaukar awa 12 zuwa 18 a haka, manyan gaɓoɓi kwana ɗaya zuwa biyu. Dole a raba dare, kowa da lokacinsa na tsaron wuta, wanda kuma shi ke hana kura da dila da karnukan farauta ɗauke rabonsu.

Ga yadda take ɓaci. In waje ya yi baƙi ya yi tauri ciki kuwa ja ne da laushi, wuta ta yi yawa tun farko, ɓawon da ya yi ya kulle ruwa a ciki. Irin wannan yana da kyan gani, bayan kwana biyu a buhu sai wari. A tsattsaga shi a mayar kan wuta mai sauƙi. In naman ya yi ɗaci da baƙin kunkunniya, jiƙaƙƙen itace ne ko hayaƙi mai kauri da aka toshe. Siririn hayaƙi ake so, wanda kana iya ganin naman ta cikinsa. In wuta ta mutu cikin dare naman ya huce da danshinsa, da safe ƙudaje za su yi ƙwai a cikin tsagar. Duba kowace tsaga, ka kankare, ka mayar da shi zafin farko na awa ɗaya. Wanda ya yi yauƙi, ya yi kore ko yana warin ruɓa, hayaƙi ba ya dawo da shi, a binne.

Banda ta yi idan launi ya koma ja mai duhu, nauyi ya ragu da rabi ko fiye, ka matsa babu ruwa, ka buga biyu suka yi ƙara kamar busasshen itace. Da mafi kauri ake gwaji, a karya shi a duba tsakiya.

9. Dare

Ba a taka ko'ina ba tocila da takalmi, ko fitsari za ka. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo. Bindiga a ajiye ta nesa da wuta, albarushi ya fi ta nisa.

In maciji ya sari wani, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo da duk abin da ya matse, a ɗaura wa gaɓar sanda kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. Saran kububuwa yakan yi kamar ba komai da farko, daga baya jini ya ƙi tsayawa, don haka ba a jira a ga abin da hali zai yi. Farasitamol kaɗai za a ba shi, ban da asfirin. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya shahara a wannan aiki, amma tun kafin a shiga daji a san mafi kusa. Wanda gamsheƙa ta fesa wa dafi a ido, a yi ta zuba masa ruwa mai yawa, sannan asibiti.

Wanda ya ɓace ya tsaya inda yake, ya busa usur sau uku ya saurara. Ƙurar hunturu tana rufe taurari da tsaunin da aka yi alama da shi, tafiyar dare ƙara nisa take yi.

10. Tashi

A sauke nama ya huce sarai a kan gadon kafin a zuba a buhun algarara ko kwando. Wanda aka tura buhu da ɗumi zai yi gumi ya yi funfuna. Wanda bai gama bushewa ba a ware shi daban, shi za a fara ci.

A binne kayan ciki da ƙasusuwa, a kwashe leda da batir. Wuta biyun a zuba musu ruwa, a juya toka da sanda, a ƙara ruwa ko ƙasa, a gwada da bayan hannu. Gungumen ƙirya yana iya kwana yana ci a ƙarƙashin toka, iska ta tashe shi ya cinye kiwon mutane da amfanin da ba a kwashe ba.

A gida a mayar da naman kan garwashi mai sauƙi na yini guda, sannan a rataye inda iska ke ratsawa ko a saman murhu. A duba shi duk bayan kwana biyu ko uku, in ya fara laushi ko ƙwari sun shiga a sake ɗora shi. Kafin a ci, a jiƙa a ruwan ɗumi, a wanke hayaƙin, a tafasa shi sosai a cikin miya.